Kastin ɗin fim ɗin leƙen asiri: yadda za ka haɗa shi da waya, tocila da lemon tsami

A gidan kallon garinmu, can tsakanin Gumel da Maigatari, da zarar an saka fim sunaye suka fara fitowa, sai ka ji wani daga bencin baya ya ɗaga murya: "Mai gida, a wuce kastin!" Wasu kuma lokacin ne suke fita sayen rake. Ban ga laifinsu ba. Shekara da shekaru abin da muke ba su ke nan: baƙin bango, jan rubutu yana juyi kamar ana toya waina, kiɗan fiyano da aka tsinto daga wani fim ɗin, sai sunaye arba'in har da na wanda ya kai ruwan sanyi lokeshin.

In fim ɗin soyayya ne, wataƙila ka sha. Na leƙen asiri kuwa ba ya yafe wannan. Shi abincinsa zargi ne, kuma mai kallo ba ya zuwa da zarginsa daga gida, kai ne za ka koya masa kallon kowa da wutsiyar ido. Minti ɗayan nan da sunaye ke fitowa shi ne ajin da za ka koyar da shi. In ka bari ya fita sayen rake, zai dawo ya kalli sauran fim ɗin kamar wasan barkwanci.

Bara da rani wasu samarin garinmu suka yi gajeren fim na minti 40 don YouTube, labarin wani mai shayi a tasha wanda ashe jami'i ne da aka turo ya sa ido kan 'yan fasa-ƙwauri. Ni na yi musu editin, ni kuma na haɗa kastin ɗin. Da shi zan riƙa ba da misali, har da wuraren da muka yi tuntuɓe.

Mataki na farko: nemo abu ɗaya tak

Kafin ka taɓa waya, ɗauki biro ka rubuta sirrin fim ɗinka a jimla ɗaya. Namu shi ne: mutumin da kowa ke zama a teburinsa yana sakin baki, shi ne kunnen hukuma. Daga wannan jimlar za ka ciro abu guda da ido zai iya gani, shi zai riƙe kastin ɗin daga farko har ƙarshe.

Haka manyan suka yi. A 1962 da aka fito da Dr. No, fim na farko na James Bond, Maurice Binder ne ya tsara buɗewarsa. Abin da ya zaɓa shi ne cikin bututun bindiga: mai kallo yana leƙen mutum ta inda harsashi zai fita, mutumin yana tafiya kamar bai sani ba, sai ya juyo ya riga ka harbi, jini ya gangaro ya rufe fuskar allon. Ko daƙiƙa talatin bai kai ba, amma ya faɗa maka komai: ana farautar mutumin nan, kuma ya fi mai farautarsa sauri. Wanda ke tafiya a cikin da'irar ma ba jarumin fim ɗin, Sean Connery, ba ne, Bob Simmons ne, wanda ke maye gurbin jarumi a wuraren faɗa da haɗari. A shirin talabijin na Mission: Impossible da ya fara a 1966, ashana aka ƙyasta aka kunna wa igiyar nakiya, wutar tana bin igiyar tana ci yayin da guntayen hotunan shirin ke wucewa. Ko ba ka iya karatu ba ka san lokaci yana ƙurewa.

Wanda ya fi kusa da aljihunmu shi ne The Ipcress File na 1965. Babu harbi, babu mota. Agogo ya kaɗa, Michael Caine ya farka, ya laluba tabaransa, ya shiga kicin yana niƙa kofi yana dafawa, sunaye na fitowa a kansa. Nan take ka gane wannan ɗan leƙen asirin ma'aikaci ne kamar kowa, mai jiran albashi. Da na nuna wa daraktanmu wannan sai ya ce, "Yaya, ai mai shayinmu ne wannan." Shi ke nan muka yanke: kastin ɗinmu zai zama mai shayi yana shirya teburinsa da asuba, tun daga hura gawayi har zuwan kwastoma na farko.

Kai ma duba labarinka. In na ɗan aike ne mai kai saƙo a ɓoye, wataƙila takalminsa ne, ko kekensa. In na mata ne a cikin gida, ƙwaryar fura da ake aikawa maƙwabta ta isa. Abu ɗaya dai, kada ka haɗa biyu.

Mataki na biyu: binne wani abu a ciki

Wannan shi ya raba kastin ɗin leƙen asiri da na sauran fina-finai, kuma shi aka fi mantawa. Sai ka sa wani ƙaramin abu a gaban idon mai kallo ba tare da ka ce masa uffan ba, abin da sai can gaba zai gane ma'anarsa.

'Yan leƙen asiri na gaske da irin waɗannan ƙananan alamu suke aiki. Aldrich Ames, jami'in hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, da aka kama a 1994 yana sayar wa Rasha asirin Amurka, ɗan layin alli yake ja a jikin akwatin wasiƙa a birnin Washington in yana son ganawa da masu ba shi kuɗi. Dubban mutane sun wuce ta gaban akwatin nan ba wanda ya kula.

Mai shayinmu yana jera gwangwanayen madara a kan tebur, guda shida. Biyar yana ajiye su daidai, na shida sai ya kifa shi, ƙasansa a sama. Kyamara ba ta matsa kusa ba, kiɗa bai canza ba, hannunsa ma bai tsaya ba. Sai a minti na 28 za a ga wani mai babur ya wuce, ya dubi teburin, ya ga gwangwanin a kife, ya juya. A nan ne 'yan kallo ke cewa "kai!", wasu har su nemi a mayar da fim ɗin farko su tabbatar. Sirrin shi ne kada ka nuna alamar da yatsa. In ka zuƙo ta da kyamara ka buga mata ganga, ka kashe ta. Amma kuma ta kasance a wurin da haske yake, a cikin firem, aƙalla daƙiƙa biyu, don kada wanda ya koma ya duba ya ce ka yaudare shi.

Mataki na uku: tsawo da mazauni

Na James Bond yakan kai minti uku, saboda waƙa ce sukutum ake rerawa, kuma mutum ya riga ya biya kuɗin tikiti ya zauna a silima, ba inda za shi. Kai naka mai kallon da datarsa yake kallo, babban yatsansa na kan waya. Tsakanin daƙiƙa 60 da 90 ya isa. Namu 75 ne.

Kada kuma ka buɗe fim da shi. Fara da ɗan gajeren sin mai ɗaure kai, na minti ɗaya ko biyu, sannan kastin ya shigo. Fina-finan Bond sun fara wannan ne tun daga na biyunsu, From Russia with Love, a 1963. Mu mun fara da wata mota da ta kashe fitilunta a hanyar daji, aka sauke buhuna, wani ya ce "akwai mai kai rahotonmu a garin nan." Ɗif, duhu. Sai ƙarar fifita gawayi.

Mataki na huɗu: wa zai shiga, wa zai jira ƙarshe

Nan ne rigima take, don kowa yana son ganin sunansa tun farko, musamman wanda ya ba da aron babur. Ka daure. Kati, wato kowane rubutun suna da ke fitowa a allo lokaci guda, 10 zuwa 12 kawai buɗewa za ta ɗauka: kamfani ko ƙungiyar da ke gabatarwa, manyan 'yan wasa uku ko huɗu, sunan fim, ɗaukar hoto, kiɗa, tace hoto, labari, shiryawa, sai ba da umarni. Darakta shi ne na ƙarshe, haka al'adar take a fina-finan Amurka, kuma ta yi daidai da hankali, don daga sunansa sai labari. Sauran jama'a, masu kwalliya, masu abinci, godiya ga mai unguwa da dagaci, duk a kastin ɗin ƙarshe, inda za ka iya jera mutum ɗari ba wanda zai yi ƙorafi.

Sai ka kiyayi abu biyu da ke tona asiri. Na ɗaya, kada ka rubuta sunan ɗan wasa tare da matsayin da ya fito, irin "wane a matsayin Kwamanda." Na biyu ya fi wuya. In akwai ɗan wasan da duk yankin an san shi da fitowa a mugu, ganin sunansa na biyu a jeri ya gama faɗa wa kowa wane ne maci amanar. A fim ɗin Seven na 1995 an cire sunan Kevin Spacey daga buɗewa gaba ɗaya don kada a gane shi ne makashin tun kafin ya bayyana. Mu ma haka muka yi da wanda ya fito a ɗan gari mai haɗa baki da 'yan fasa-ƙwauri. Ya yi fushi kwana biyu, muka lallashe shi da cewa sunansa ne zai fara fitowa a ƙarshe, shi kaɗai a kan allo.

Mataki na biyar: zana shi a takarda

Tsaga takardar littafi, ja gida-gida goma sha biyu. A kowane gida zana abin da za a gani, ko da zanen 'yan firamare ne, ka rubuta sunan da zai hau kai da kuma gefen da zai zauna. Amfaninsa shi ne ranar ɗauka ka san inda za ka bar wa rubutu fili. Mu da farko ba mu yi ba, muka cika firem da butar shayi, da na zo ɗora suna sai ya hau kan hancin jarumi.

Mataki na shida: sanar da gari kafin ka ɗaga kyamara

A halin da ake ciki, kalmar "infoma" ba abin wasa ba ce a ƙauyukanmu. Mutum ya gan ka da asuba kana leƙen tasha ta cikin bututu da waya a hannu, ba fim zai fara kawowa a ransa ba. Je wurin mai unguwa, ya kai ka gaban dagaci, ku faɗi rana da wuri. In akwai bindigar roba ko kaki a fim ɗin, sai ofishin 'yan sanda na yankin ya sani. Shingen jami'ai, ofishin kwastan da bakin iyaka kuwa ko kusa kada ka je da kyamara, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Kasuwar Maigatari ranar Alhamis tana da kyau a hoto, raƙuma da shanu har iya ganinka, amma ba a ɗaukar fuskar mutane a ɓoye. Mu teburin shayi muka kafa a bayan gidan su darakta, kusa da wata bishiyar darbejiya, ba wanda ya gane ba tasha ba ce.

Mataki na bakwai: ɗauka

Waya ba ta son duhu. In ka ɗauka da tsakar dare, hoton zai cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa gero. Lokacin da ya fi shi ne bayan an sallame sallar asuba, gari ya fara washewa amma rana ba ta fito ba. Kana da kamar minti ashirin, don haka komai ya zama a shirye tun dare. In hasken ya yi yawa, a editin za ka rage shi. Rage haske abu ne mai sauƙi, ƙara shi ne ke lalata hoto.

Saita ingancin hoton kyamarar a 1080, firem 25 (wato hotuna 25) a daƙiƙa in wayar ta yarda, saboda wutar lantarkinmu bugu 50 take yi a daƙiƙa, in ka bar ta a 30 ƙwan lantarki zai riƙa ƙyaftawa a hoto. Da janareta abin ya fi muni, don shi bugunsa hawa yake yana sauka. Gara ka yi aiki da tocila mai batir, garwashin gawayi da fitilar ƙwai. Danna yatsa ka riƙe a kan abin da kake ɗauka har wayar ta kulle haske da saitin gani, in ba haka ba duk sanda hannu ya gifta sai hoton ya yi numfashi. Waya kuma ba a hannu ba. In babu ƙafar kyamara, kifa turmi, ɗora bulo, ɗaure ta da roba.

Yanzu ga dabaru uku: biyu na fitar da sunaye, ɗaya ta ɗaukar hoto. Ba dole ka yi duka ba, gara ma ka ɗauki ɗaya ka ƙware a kai.

Ta farko, wadda muka yi amfani da ita, rubutun lemon tsami ne, tsohuwar tawadar ɓoye. Matse lemon a murfin kwalba, kada ka sirka da ruwa. Naɗa 'yar auduga a kan tsinke, ko ka fiƙe alƙalamin kara mai faɗin baki, ka rubuta sunan da manyan haruffa masu kauri a farar takarda marar layi. Bar ta ta bushe sarai, da hunturu minti goma ya isa. In ta bushe ba abin da za a gani. Da zafi ya taɓa ta, wurin da ruwan lemon ya shiga yana riga sauran takardar ƙonewa, sai rubutun ya fito ruwan ƙasa kamar an yi shi da shayi. Tun da labarin mai shayi ne, mu murfin tukunyarsa muka kifa a kan garwashi, muka ɗora takardar, waya na kallo daga sama. Sunan yana tasowa a hankali, a editin na ninka gudunsa sau huɗu. Wata hanyar ita ce dutsen guga na gawayi: ka dafe takardar da shi na ɗan lokaci, sannan ka ja shi gefe a hankali, suna ya bayyana a bayansa harafi bayan harafi. Wannan ya fi kyau a ido, sai dai yana son hannu mai natsuwa.

Rubuta kowane suna sau uku a takardu daban. Na farkonmu, sunan jarumin ne, muna cikin gardama kan inda tocila za ta tsaya sai muka ji ƙauri. Takardar ta yi baƙi daga tsakiya, ta kama. Da ba mu da wata, da sai washegari. Abin dariya, ƙonewar nan ita muka saka a ƙarƙashin sunan darakta, wuta ta cinye takardar, fim ya fara. Sa ɗan ɗigon fensir a kusurwoyi huɗu na rubutun tun kafin ya bushe, don in ya ɓace ba za ka san inda yake ba balle ka saita shi a tsakiyar firem. Ruwa a bokiti ya kasance kusa, kuma nesa da danga da zana.

Ta biyu ita ce haska suna a jikin wani abu. Robert Brownjohn ne ya shahara da ita: a fim ɗin Bond na 1963 da majigi ya haska sunaye a jikin wata mai rawa, a Goldfinger na 1964 kuma ya haska hotunan fim ɗin a jikin wata da aka shafe da ruwan zinare. Wannan ɓangaren ba namu ba ne. Ko Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ba ta tare ka ba, gwaggonka za ta tare ka. Dabarar ce abin ɗauka: rubutu in ya faɗa kan abin da ba shimfiɗaɗɗe ba, yana lanƙwasa, yana motsi, ya zama mai rai. Samo kwalin taliya, zana sunan, yanke haruffan da reza. Haruffa masu ciki irin su a, o, b, d da ɗ sai ka bar musu 'yar gada, in ba haka ba cikinsu zai faɗo ya zama rami kawai. Riƙe kwalin tsakanin tocila da farar babbar riga, ko buhun gero, ko bangon jar ƙasa. Tocilar ta zama mai ƙwai ɗaya, irin ta bayan waya. Mai ƙwayaye da yawa inuwa da yawa take jefawa, rubutun ya dagule. Matsar da kwalin kusa da rigar, gefen haruffan zai yi kaifi, ja shi wajen tocila, su yi girma su yi laushi. In mai rigar ya ɗan juya kafaɗa, sunan ya zame ya ɓace, ka samu mahaɗa zuwa kati na gaba kyauta.

Ta uku ba rubutu take fitarwa ba, ido take ba mai kallo. Ɗauki hoton ta cikin wani abu: guntun bututun ruwa, hudar zana, tsagar ƙyaure, tsakanin karan dawa biyu. Da zarar gefen hoto ya yi duhu, tsakiya kaɗai ake gani, mai kallo ya zama maleƙi, kuma jikinsa zai ba shi cewa wani na kallon jarumin. Amma don Allah kada ka sa jaruminka ya juyo ya harbi bututun. Kowa ya san mai wannan rigar, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Hudar zana tamu ce, duk wanda ya tashi a ƙauye ya taɓa leƙa ta, ya kuma san abin da ake ji in aka kama ka.

Wani ya kawo shawarar a rubuta sunaye a allon karatu a wanke su da ruwa. A hoto zai yi kyau ƙwarai. Na ce a'a, allo ba kayan wasa ba ne a wurinmu, za a bar zancen fim a koma zancen allo.

Mataki na takwas: sauti

Rabin tsoron da ke cikin kastin a kunne yake. Kada ka ɗauko kiɗan Bond ko wani sanannen kiɗa. Ban da kasancewarsa haƙƙin wasu, YouTube na da na'urar gane sauti, kana ɗorawa za ta kama, ko kuɗin tallan ya tafi wurin masu kiɗan ko a toshe fim ɗin.

Abin koyo dai akwai. Kiɗan Mission: Impossible da Lalo Schifrin ya tsara a kan ƙirga biyar yake tafiya. Kunnenmu ya saba da huɗu ko shida, irin na kalangu da luguden daka, inda ƙafa ta san lokacin da za ta sauka. Biyar kuwa kullum kamar an rage taki ɗaya, jiki ba ya samun zama. Gwada da cokali a jikin kofin shayi: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, ka ƙarfafa na ɗaya da na huɗu. Wannan shi ne ƙashin bayan kiɗanmu, ƙarar cokalin mai shayi. A kansa muka ɗora fifita gawayi, sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, da shuuu ɗin rediyo in ana laluben tasha a gajeren zango. Ka tabbata ba muryar wata tashar gaske ko takenta da ya shiga.

Sai muka ɗauko wani dattijo mai kalangu da ke yi wa mahauta kiɗa ranar kasuwa. Na ce masa, "Baba, ba na rawa muke so ba. Kamar kana kiran wani a ɓoye, ba ka son na kusa da shi ya ji." Ya yi dariya ya ce ai kalangu dama magana yake yi, wanda ya san take shi ke ji. Ya matse shi a hammata ya yi wani bugu ƙasa-ƙasa, uku a jere sai shiru. Mun ɗauka ne da dare bayan an kashe janareton mai cajin waya, a ɗaki mai katifa da labule don kada sauti ya yi amsa-kuwwa, waya na nesa da gangar kamar kamu biyu. Ka biya makaɗi haƙƙinsa, ka kuma sa sunansa a kati.

Kafin sunan fim ya fito, yanke duk wani sauti na daƙiƙa ɗaya. Shirun nan ya fi kowace ganga ƙarfi.

Mataki na tara: rubutu da haɗawa

Ko ka yi dabarar lemon, ƙananan rubutu irin "ɗaukar hoto" da "ba da umarni" a waya ko kwamfuta za ka ɗora su. CapCut da KineMaster sun isa, mai kwamfuta kuma akwai DaVinci Resolve na kyauta. Salon rubutu ɗaya, launi ɗaya, fari ko ruwan madara. Ba juyi, ba walƙiya, ba harafin da ke faɗowa daga sama. Ya fito a hankali, ya ɓace a hankali, ko ya yanke tare da bugun cokali.

Matsalar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya ita ce haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Yawancin salon rubutu masu ƙyalƙyali da ke cikin manhajojin nan ba su san da su ba. Ko dai su sa ɗan akwati a gurbin harafin, ko su aro shi daga wani salon ya fito daban kamar bare a cikin dangi. Kada kuma ka ce bari ka cire lanƙwasar ka huta. Na taɓa ganin fostar da aka so rubuta "Ƙarya" aka rubuta "Karya", har yau ana tsokanar mai ita da haushi. Noto Sans, Andika da Charis SIL duk suna da haruffanmu, kuma kyauta ne. Sa Hausa a madannin Gboard, rubuta sunayen a PixelLab da ɗaya daga cikinsu, fitar da su a hoto marar bango, sannan ka ɗora a kan bidiyon. Kowane suna ka tura wa mai shi ya duba kafin ka rufe aiki.

Bar kashi goma cikin ɗari na kowane gefe ba rubutu, don tsofaffin talabijin na gidajen kallo suna cin gefen hoto. Kowane kati ya zauna gwargwadon yadda za ka karanta shi a bayyane sau biyu ba gaggawa, wajen daƙiƙa uku, firem 75 ke nan. Ka tuna da yawa cikin masu kallonka a hankali suke haɗa boko. Kati 12 sau uku ya ba ka daƙiƙa 36, ragowar lokacin na hoto ne zalla, kuma a cikin wannan ragowar ne gwangwanin madara zai kifu. Kada alamar da ka binne ta zo daidai da fitowar suna, ido ba ya karatu da lura a lokaci guda.

Sunan fim ɗin mun fara fitar da shi da ajami, sannan ya narke ya koma boko. Abu ɗaya mai fuska biyu, kamar mai shayin. Dattawan da da ajamin jikin naira dubu suke gane kuɗi sun riga samari karantawa, abin ya yi musu daɗi. In za ka yi haka, malami ya rubuta maka, kada ka dogara da waya.

Mataki na goma: gwaji

Abin da ka gani a allon editin ba shi mutane za su gani ba. Fim ɗinka zai bi ta WhatsApp, ta Xender, ta hannun masu tura fina-finai a kasuwa, kowa na matse shi, kuma wurare masu duhu su suka fi shan wahala, sai su farfashe su zama dabbare-dabbare. Tura wa kanka kastin ɗin ta WhatsApp, buɗe shi a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi, a tsakar rana a ƙarƙashin bishiya. In sunan bai karantu a nan ba, ƙara masa girma. In gwangwanin bai ganu ba, ƙara haske a wurin. Saurara kuma da lasifikar wayar, ba da abin kunne ba, don ƙasan kalangu yakan ɓace a ƙaramar lasifika, cokali ne ke tsira.

Daga nan sai gidan kallo. Mun roƙi mai gidan ya saka mana minti huɗun farko kafin a fara ƙwallo, ba mu faɗa wa kowa namu ne ba, na zauna a baya ina kallon ƙeyoyi. Wurin da kawuna suka fara juyawa ana hira, na duba agogo: kati na takwas ne, inda muka daɗe a kan tafasar ruwa. Da aka tashi na tare wani yaro ɗan shekara goma sha biyu na ce, "Ƙanina, me ka gani?" Ya ce mai shayi ne, amma bai yarda da shi ba. Na ce don me? Ya ce yana zuba shayi idonsa na kan hanya. Gwangwanin bai ambata ba, ban kuma tambaye shi ba. A daren na cire daƙiƙa shida daga tafasar ruwan, na matso da bugun kalangu na biyu ya faɗa daidai inda mai shayin ke ɗaga ido.